Wilin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Na dawo daga makaranta na tarar da rediyon ɗakin girki a warwatse, hanjinta a waje. Baba ne. Maganaɗisun bayan sifika ya cire. Wai wani bidiyo ya gani a wayar maƙwabci, an jera maganaɗisu a jikin wili, yana juyawa shi kaɗai ba tsayawa, har yana kunna ƙwan fitila kyauta. Mutumin da tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara ko cokali ya ƙi ɗauka da dama, yau shi ne da kwance rediyo. Da hagu ya yi, haƙora na taya shi. Raina ya ɓaci sosai, na dai haɗiye.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai shi asibiti wurin mai gashin ƙashi. Ta ce hannun sai ƙara sandarewa yake, in bai riƙa motsa shi ba yatsun za su dunƙule ke nan, ba buɗewa. Ta tambayi ƙwallon robar da ta ba shi ya riƙa matsawa. Kunya ta hana ni gaya mata kyanwar maƙwabta ce ke morar ta. Shi ko cewa ya yi shi ba jariri ba ne.
Maganar yatsun nan ta tsaya min a rai. Tsoro nake ji.

Asabar, 8 ga Maris
Wilin keke ya shigo gidan, an kafa shi a kan akwatin katako a baranda. Na zauna na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibaina na kimiyya. Na ce maganaɗisun da ya jawo wilin ya matso, shi ne dai zai riƙe shi in ya zo wucewa. Ga iska, ga gogayyar ƙarfe, duk suna rage masa gudu. Ba abin da ke juyawa har abada ba tare da ana ciyar da shi ba. Ya saurare ni tsaf har na kai ƙarshe.
"Malama, an tashi ajin? To miƙo min filaya."
Shi fa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gyaran fanka. Ya fi kowa sanin fanka ba ta juyawa sai da wuta.

Laraba, 12 ga Maris
Ƙofar firij ta daina kamawa. Ban ma tambayi inda maganaɗisunta ya shiga ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Ƙar-ƙar-ƙar tun safe. Ya tura, ya yi ɗan zagaye, ya tsaya, ya sake turawa. Hagunsa na riƙe da babban maganaɗisu yana neman wai daidai kusurwa, don haka da bayan hannun dama yake tunkuɗa wilin, yana yi masa faɗa kamar yaron shago. Takardun jarrabawa na gabana, layi ɗaya na karanta ya fi a ƙirga. Kaina kamar ya tsage.
Auta ya rufe shagon wayoyinsa ya zo da yamma, ya sha dariyarsa har da riƙe ciki. Da ya ja ni gefe sai ya ce, "Yaya, ki bar ni in ɓoye masa ɗan inji da batir a cikin akwatin. Ya ga ya juya, hankalinsa ya kwanta, ke ma ki huta."
Na ce wannan ai yaudara ce. Ya ce to in ci gaba da sauraron kiɗa. Na amince. Gajiya ce.

Talata, 18 ga Maris
Auta ya gama aikinsa Baba na barcin rana. Da ya tashi ya tura wilin, bai tsaya ba. Na zaci zai ɗaga murya ya kira maƙwabci da duk 'yan layi. Ko kaɗan. Ya daɗe yana kallo, kansa a ɗan karkace, sannan ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "To, ya juya." Shi ke nan.
Na gama takarduna cikin kwanciyar hankali. Ban san me ya sa abincin dare ya ƙi shiga ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Auta na leƙowa yana canza batir a ɓoye, yana ƙifta min ido. Haushinsa nake ji, alhali tare muka ƙulla.
Baba ya daina faɗa. Ya daina neman filaya. Yana zaune gaban abin, hannun a kan cinya kamar wanda aka ba shi ajiya.

Litinin, 24 ga Maris
Mai gashi ta juya hannun, ta ɓata fuska. Ta ce a zuwanmu na Litinin ɗin da ta wuce ta ga wuyan hannun ya fara saki, har ta yi murna a ranta ba ta faɗa ba, yau kuma ya koma gidan jiya. Me yake yi a da wanda ya daina? Baba ya kalli bango. Ni ma na kalli bango.
Duk iyayina da bayanin gogayya, ina zaune ina toshe kunne, ban ga abin da ke gaban idona ba.
Muna dawowa na jira ya shiga wanka, na durƙusa na zare batirin na jefa a jakata.

Talata, 25 ga Maris
Ya tura, ya yi zagayensa, ya tsaya cak. Ina bakin ƙofa ina shirya ƙaryar da zan yi. Bai ko waiwayo ba.
"Ke kika cire, ko na Auta ne ya ƙare?"
Na sunkuyar da kai.
"Kunnena bai shanye ba, Malama. Inji ko na agogo ne na san kukansa."
Na ce Baba ka yi haƙuri. Ya ce in bar tsayuwa a kansa kamar sandar fitila, in miƙo masa filaya. Na miƙa wajen hagu yadda na saba. Bai karɓa ba. Hannun dama ya ɗago, yatsu biyu suka buɗe da ƙyar. Ta faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake miƙawa, wannan karon ta zauna.
Na shige ɗakin girki na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.

Alhamis, 27 ga Maris
Ƙar-ƙar-ƙar ya dawo, da faɗan da komai. Ba zai taɓa juyawa shi kaɗai ba, wannan ko gobe aka tambaye ni a aji haka zan faɗa.
Akwai wata matacciyar sifika a ɗakin ajiyar makaranta da za a zubar. Na taho da ita. Ba don komai ba, tare hanya take yi.
Ban kwance masa ba. Ya kwance da kansa.