Ku Cire Sunan Isah Daga Waƙata

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Kallamu Indabawa, mai gurmi na Bakin Gada a Anacha, na rubuta wannan hankalina garau, ba wanda ya tilasta ni. Ƙirjin ne ya gaji, kan yana nan. 'Ya'yana Haidar, Hadijatu da Mansura, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ɗaya. Gurmina na Hadijatu ne. Na san Haidar zai ɓata rai don shi ne babba, amma tun tana shekara tara take gyara mini tsirkiya, kai kuwa kana ƙwallo. Ka ɗauki jitar da abokina Obinna ya koya mini kaɗawa. Gidan ku raba yadda shari'a ta ce, sai dai ku bar Mansura a ciki har ta gama karatu.

Na biyu. Shekara arba'in ina waƙar 'yan dako da masu baro da 'yan okada. Sau biyu an kulle ni a kanta. Haidar, na ji 'yan siyasa sun same ka a unguwar Diobu ta Fatakwal, wai a sauya baiti biyu a saka sunan ɗan takararsu. Ban yarda ba, ina raye ko ina ƙasa.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kun san waƙar da ta fito da ni, wadda na yi shekarar da aka rushe rumfar 'yan dako ta Bakin Gada, wani attajiri ya kewaye filin. An ce mini Isah, shugabansu a lokacin, shi ya dangwala hannu a takardar sayar da filin. Ban bincika ba. Raina a ɓace yake, sunansa kuma ya zauna daidai a kiɗa, sai na saka shi a amshi: Isah ya sayar da inuwa. Har yau da wannan amshi 'yan dako suke ɗaga buhun albasa daga tirela, a nan da Fatakwal da Inugu. Yaran da ba a haifa ba lokacin ma suna rerawa.

Isah bai sayar da komai ba. Ƙin sa hannu ya yi, aka tsare shi kwana tara, wani ya dangwala a madadinsa. Wanda ya dangwala ɗin ne ya gaya mini da bakinsa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na yi shiru, don in waƙar ta faɗi ni ma na faɗi. Ni da nake zagin azzalumai a kasuwa, ga nawa zaluncin. Kunya nake ji, kuma na gaji da ɗaukarta.

Yanzu Isah yana Inugu yana sayar da goro a faranti, mutanenmu ba sa saye a wurinsa. Magana zarar bunu ce, amma waƙa ta fi ta muni. Na yi sabon amshi, yana cikin wayar Mansura, muryar a shaƙe amma ana ji. Hadijatu, ki koya. Ku ukun ku fara zuwa wurin Isah ku ce Kallamu ya yi masa ƙarya, yana roƙon gafara. In ya ƙi, kada ku matsa masa, hakkinsa ne. Daga nan ku bi duk inda ake sauke kaya ku rera, har sabon ya danne tsohon. Za a zage ni. Ku bari a zaga.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya sa ku fi ni gaskiya. Kada gurmi da jita su raba ku, tare nake kaɗa su. Ku riƙe zumunci, ku riƙe ƙanwarku. Kuma kada ku jira sadakar arba'in ɗina kafin ku tafi Inugu. Isah ya girme ni da shekara shida.