Ba Tukunya Ce Ta Ƙona Ni Ba

Limawa, Dutse,
13 ga Maris, 2001.

Zuwa ga ƙawata Aisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Baba Mala da Iya da ƙannenki. Mu ma nan lafiya lau, sai dai bencinmu ya yi min faɗi tunda kika daina zuwa.

Aisa, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innata ba ta sani ba. Tabon nan na hannuna, wanda na ce miki tukunyar kunu ce, ni na yi wa kaina. A ƙarƙashinsa akwai lambar rigakafi irin taki, a daidai inda taki take, ƙasa da gwiwar hannu. A Magarya ta ƙasar Nijar aka haife ni. Can kabarin babana yake. Da ya rasu ne Inna ta goyo ni ta dawo gidansu a Aujara nan Najeriya, daga baya muka zo Dutse.

Ina ajin ƙarshe na firamare na ji wata mata a mota tana cewa da lamba ake gane mutanen Nijar, wai ta 'yan Najeriya a kafaɗa take, tasu kuwa a ƙasa. Da muka isa gida na sa cokali a garwashi, na cusa bakin zani a bakina, na ɗora. Inna ta yi ta shafa min man kaɗe tana tsine wa tukunyar da ba ta yi komai ba. Da shari'a ta zo aka ƙara wa hijabinmu tsawo, 'yan aji suna ta mitar zafi, ni kuwa a raina murna nake. Kin san littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a cikin na lissafi. Idan na rufe ido ina tsara nawa labarin, har angon da na ƙirƙira da kaina idan ya tambayi tabon, tukunya nake ce masa.

Yanzu kin gane abin da na yi ranar Juma'a. Malama Safiyatu ta tara mu don wayar mana da kai a kan zama ɗan ƙasa, ta rubuta tambayarta a allo, sai aka kira ta ofis. Madina ta miƙe ta ce ba sai an wahalar da littafi ba, kowa ta naɗe hannu. Ta ɗauki rula tana taƙama kamar jami'in kan iyaka, tana cewa Hajiya a sauko da buhun dabino a nuna takardu. Da ta zo kaina ta ce wannan dai kunu ne ya buga mata hatimi, ta wuce. Sannan ta zo kanki. Ta ɗaga hannunki sama tana tambaya ina kika ɗaure raƙuminki, da sefa kike biyan kuɗin makaranta? Kika juyo kika kalle ni, ni kaɗai. Ni kuma na yi dariya. Ni da ko karatu aka sa ni ba a jin muryata a bencin gaba, ranar har na fi Madina ƙara, don kada ido ya dawo kaina. Wallahi har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse.

Kin ɗauki jakarki kin fita kafin Malama ta dawo, don haka ba ki ji abin da ta zo faɗa ba. Ta buɗe sabon kundin tsarin mulki ta karanta, ta fassara mana. Ta ce wanda aka haifa a waje, in dai uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Ina zaune na ji hannuna yana min zugi. Ashe saboda Inna ni ba ni da abin ɓoyewa tun farko, na ƙona kaina a banza, na kuma tozarta ki a banza. Ta ce wanda kakarsa ko kakansa ɗan nan ne, yana iya neman rajista idan ya kai shekara goma sha takwas. Nan take na tuna kakarki ta Haɗeja, mai aiko miki da busasshen kifi. Ta ce ko wanda ba shi da kowa, idan ya daɗe a ƙasar yana da hanyar nema. Sai ta tambayi inda kike. Ni dai na sunkuyar da kai.

Jiya maƙwabciyarku ta gaya wa Inna cewa Baba zai sa ki a motar Maigatari ranar Alhamis, ki koma wurin gwaggonki a Damagaram, wai yana tsoro saboda yayan Madina ma'aikacin shige da fice ne. Aisa, jarrabawarmu ta ƙarshe fa ta kusa, kuma ke ce kike koya min lissafi. Malama ta ce za ta zo ta yi wa Baba bayani da bakinta in an sami mai raka ta. Ni kaɗai na san gidanku. Sau biyu tana tambaya a aji ban ɗaga hannu ba. Yau da aka tashi na bi ta har bakin ƙofa, na ce zan kai ta.

Ban sani ba ko Baba zai saurare ta, ban kuma sani ba ko ke za ki so ganina. Da niyyata in cusa wannan takarda a cikin littafin da kika ara min in aika, ko ma in yaga ta. Na fasa. Gobe bayan la'asar, idan Malama ta zauna da Baba a zaure, zan shigo in miƙa miki da hannuna, in tsaya a nan har ki gama karantawa. Duk abin da kika ce min, zan ji.

Ki gaida Iya da kyau. Allah Ya kai mu goben.

Taki mai jin nauyinki,
Zulaihatu Arzika.