Jikarki Ta Tambaye Su Wace Ce Sharar

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya su Kawu? Mu lafiya lau, tagar da aka fasa mana ma an gyara, kada ki damu.

Jikarki ta fitar da ni kunya, kuma ta gano waɗanda suka fasa mana tagar. An buɗe wani zaure a waya, wai na tsaftace unguwa, magana mai daɗi, har ni na shiga. Ita ta gano cewa in sun ce “shara”, mu baƙi suke nufi. A taron maƙwabta ta miƙe ta karanta saƙonninsu, ta ce, “Ni ce sharar?” Mai gidan burodi ya sunkuyar da kai, nan take ya fice daga zauren.

Ki sa mata albarka, Inna. Zuciyarki ta gado.

Ɗanki.