Sunan da Aka Ji Kunyar Cirewa Daga Kalanda

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Amintattu na ƙungiyarmu mai tsaya wa matan da mazansu suka rasu a gaban shari'a, Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Ni ce Malama Hadiza, mai ɗaukar bayanan mata a ofishin Samaru, shekara bakwai ke nan. Sau biyu na rubuto maka ta hannun Manaja, ban ji amsa ba, ban kuma san ko takardun sun iso ka ba. Shi ya sa na bi ta jarida. Ka gafarce ni. Hannuna na hagu yana cikin ɗauri, a karye wuri biyu, amma ba don shi na rubuto ba. Akwai wata baiwar Allah da zan kira Talatu, ba sunanta ba ne, wadda aka nemi rayuwarta sau ɗaya, kuma hanyar da aka bi aka same ta har yanzu a buɗe take.

Na ɗaya. Shekara biyu da suka wuce aka ce mu daina rubuta alƙawuran aiki a littafi, mu koma kalandar intanet, wadda kowane ma'aikaci zai buɗe daga inda yake: ofishin Samaru, na Sabon Gari, ko kafen intanet in an ɗauke wuta. Wanda ya koyar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce izini hawa uku ne. Akwai wanda zai ga cewa kana da aiki kawai, bai san mene ne ba. Akwai wanda zai karanta abin da aka rubuta. Akwai wanda zai iya gyarawa ko gogewa. Ya ce hawa na uku mutum biyu ya ishe shi. Yana tafiya Manaja ya ba kowa na uku. Da na tambaya, sai ya ce, “Haba Hajiya, in na ba wani babba na ba wani ƙarami, gobe a ce na raina mutane.” Da maigadi yana da imel, da shi ma an ba shi.

Sannan aka kafa doka cewa duk fitar da za a yi a rubuta ta cikakkiya, suna da wuri da lokaci. Maganar Manaja kullum ita ce, “Abin da ba ya cikin kalanda bai faru ba.” To, ranka ya daɗe, matan da muke wa aiki ba su da lambar gida. In za ka kwatanta wa direba, sai ka ce matar marigayi wane, unguwa kaza, bayan injin niƙa, ƙofa mai koren fenti. Haka nake rubutawa, don haka aka umarce ni. Duk wanda ya karanta, ko baƙo ne a garin, zai kai kansa ƙofar.

Na biyu. Akwai jami'inmu da ya bar aiki bara ya koma dillancin filaye a wajen Hanwa da Basawa. Ya mayar da makullin ofis, ya mayar da katin shaida, amma sunansa ya zauna a kalanda da izinin gyara. Sau uku ina yi wa Manaja magana. Na farko ya ce sai an gama azumi. Na biyu ya ce mutumin yana cikin makokin mahaifinsa, bai dace ba. Na uku ya rufe ƙofa ya rage murya ya ce, “Hajiya, ƙanin maiɗakin Ciyaman ne fa. Ya buɗe ya ga an kulle shi, da wane ido zan dubi Alhaji?”

Ranka ya daɗe, kai ne Alhajin. Ban ce ka san da wannan ba. Na ce kunyarka aka ji.

Na uku. Talatu Kirista ce, 'yar wani ƙauye a bayan Basawa. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da gona, gari kuma ya matso, ana yanka gonakin wajen ana yin filaye. Ƙannen mijin suka ce ba ta da kaso. Tana da takarda ɗaya tak, wadda dagaci ya sa wa hannu tun mijin yana raye. Da suka fara yi mata barazana, ta gudu wajen yayarta a Jushi. Ranar da ta faɗa mini gidan, sai da ta riƙe bakin mayafina ta ce, “Mama, ke da Allah kawai.” Na ce mata in sha Allahu. Na koma ofis na rubuta a kalanda, kamar yadda doka ta ce: Laraba, ƙarfe goma na safe, ni da Barista, lauyanmu, da direba, za a karɓi takarda a ɗauki bayani.

Ranar Laraba na hau acaɓa daga gida, tunda mun yi za mu haɗu a can. Goma saura na isa. Babu motar ofis. Muna zaune a tsakar gida a kan tabarma, Talatu ta kunce takardar daga cikin leda uku, sai muka ji babura biyu sun tsaya. Na ɗauka su Barista ne. Ni da kaina na tashi na zare sakata.

Maza huɗu ne, uku da goruna, ɗaya da adda. Na gaban ya ce, “Hajiya, matsa, ba wajenki muka zo ba.” Na ce lauyanmu yana hanya, yanzu zai iso da 'yan sanda. Ƙarya na yi game da 'yan sandan, Allah ya yafe mini. Ya yi dariya ya ce, “Lauyanku sai sha biyu.”

Talatu ta cusa takardar a rigarta ta kifa ciki. Suka rufe ta da duka. Ina jin ƙarar gora a bayanta kamar ana bugun dawa. Ɗaya ya kama kitsonta ya ɗaga kanta ya buga da gefen turmi, haƙora biyu suka zube a ƙasa. Mai addar ya sare ta da bayan addar a ƙeya, fatar ta buɗe, jini ya wanke mata wuya ya jiƙa tabarmar. Na faɗa a kanta na ɗaga hannu, gorar da aka nufi kanta da ita ta sauka a hannuna. Na ji ƙashin ya yi ƙara kafin in ji zafi. Suka ja ni gefe ta ƙafa, suka yage mata riga a gaban yaranta, suka ɗauke takardar. Wata maƙwabciya, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da garin rogo, ita ta fito da taɓarya tana ihu, “Ɓarayi! Ku zo, sun kashe Mama!” Mutane suka fara taruwa, sannan suka hau babura. Da ba ta fito ba, ban san inda za su tsaya ba.

Barista da direba sun iso sha biyu saura kwata, suna ganin sun yi sammako. A asibiti suka same mu. An yi wa Talatu ɗinki goma sha ɗaya a kai, kuma har yau kunnenta na dama ba ya ji.

Na huɗu. Barista bai yi laifi ba. Ranar Talata da yamma saƙo ya shigo imel ɗinsa cewa an ɗaga alƙawarin daga goma zuwa sha biyu. Ni ba na buɗe kwamfuta a gida, ban gani ba. Ya buga saƙon a takarda, yana hannunsa, kuma sunan da ke jiki na tsohon jami'in nan ne. Washegarin dukan, aka nemi alƙawarin a kalanda aka rasa, an goge shi gaba ɗaya.

Zan tsaya inda sanina ya tsaya. Ban ga mutumin a Jushi ba. Ban san ko shi ya zauna gaban kwamfuta ko wani ya ba kalmar sirrinsa ba. A makarantar allo aka koya mini kada in yi shaida kan abin da ban gani ba, kuma ba zan fara da furfura ba. Abin da na sani shi ne da sunansa aka shiga, kuma mu muka bar masa izinin.

Na biyar. Ina kwance aka kawo mini takardar tuhuma daga ofis, wai na yi sakaci da sirrin mai ƙara don na rubuta kwatancen gida. Na karɓi rabona na laifin. Na yi wa mace alƙawarin ni da Allah kawai, na je na rubuta inda mutum goma sha huɗu ke karantawa. Wannan yana wuyana, kuma na roƙi gafararta. Amma a ƙasan takardar tuhumar, Manaja ya ƙara da cewa in shigar da sabon wurin da Talatu take cikin kalanda kafin Juma'a, don a shirya motar kai ta kotu, in ba haka ba za a ɗauka na ajiye aiki.

Jiya na shiga kafe a Samaru na buɗe kalandar da hannu ɗaya. Ranka ya daɗe, sunan yana nan. Izinin gyara yana nan. Sati uku da zubar da jinin.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A cire sunan nan yau, kuma umarnin ya fito daga bakinka, don babu wanda zai iya a ofis in ba kai ka ce ba. A duba sauran waɗanda suka bar aiki, na ƙirga uku. A mayar da izinin gyara hannun mutum biyu, sauran su ga an fita aiki kawai, kwatancen gidajen mata kuma ya koma littafi a cikin durowa mai makulli. A miƙa takardar da ke hannun Barista ga 'yan sanda da sunan ƙungiya, kada a bar shi shi kaɗai yana tsoron ɓata wa manya. A tura wanda zai je wajen dagaci a nemi shaidarsa tun ba a riga mu ba, tunda takardar gonar ta tafi. Akwai kuma mata tara da kwatancen gidajensu ke cikin kalandar nan yanzu haka. A sanar da su gaskiya, su san matakin da za su ɗauka.

Maganar Juma'a kuwa, ba zan rubuta ba. Ba taurin kai ba ne, ba kuma raini ba. Talatu tana wani wuri, tana cin abinci mai ruwa, yaranta suna tare da ita. Ranar zaman kotu ni zan kawo ta, ba a motar ofis ba, kuma ba wanda zai san ta inda muka biyo. In wannan ya sa na rasa aikin, na rasa. In kuwa kana son ka duba ta, ka zo kai kaɗai, ka bar direba a gida, zan tambaye ta. In ta yarda, sai in kai ka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a cikin gidanka ne, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya ba Talatu sauƙi, ya saka wa maƙwabciyar nan da alheri.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Samaru, Zariya.