Takardun makarantar Hamidu

Garwa, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau na kai ƙanena Hamidu asibiti. Likita ya tambaye ni yaushe ciwon ya fara. Na ce bara, da ya soma jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Ya girgiza kai, ya ce in nemo takardun sakamakonsa na lise, wato sakandare.

Na zazzage akwatin Inna, na kai wa maƙwabcinmu Malam Pol ya karanta mini, tunda ba na jin Faransanci. Ashe shekara uku kafin muryoyin, malaminsa ya rubuta cewa yaron ya daina kula 'yan ajinsu, karatunsa yana ta ja da baya. Kuma ni na sa hannu a takardar nan, ban ko tambayi abin da ke ciki ba.

Mu a gida yabonsa muke yi. Da ya bar bin abokansa kallon jiragen ruwa a bakin kogin Binuwai, Inna ta ce ya yi hankali. Da ya daina cin abinci kwano ɗaya da mu, baƙi suka ce kunya ce irin ta Fulani, muka ji daɗi. Har misali nake kafawa da shi. Wayyo Hamidu.

Ɗazu na ɗauki tuwona na shiga ɗakinsa, na zauna. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Yaya, ba ka tsorona?"

"Matso, miya na hucewa."

Loma uku ya yi. Wallahi sai da na ƙirga.