Wurin Zacharias a Jana'izata

Ni Rifkatu, matar marigayi Datti, na rubuta wannan da hannuna a gidanmu na Mararaba, cikin watan Maris na 2007. Ciwon ƙoda ya ci jikina, amma hankalina yana nan garau. Zuwa gare ku, Christiana da Zacharias, ku biyun da Allah ya bar mini.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu. Ba a sayarwa, ba a raba shi da katanga, ko nawa dillalan filaye suka taya.

Na biyu, kuma dominsa na ɗauki biro. Shekara uku ke nan ba ku gaisa ba. Ranar da muka binne babanku, Zacharias ya ƙi sunkuyar da kai a addu'a, ya ce ya daina yarda akwai Allah. Ke Christiana kika ce masa a gaban baƙi shi ɗan wuta ne har abada. Kai kuma ka ce ba za ka iya girmama mai bauta wa wanda zai ƙone ka ba. Yayarka kake kallo, amma ni maganar ta soka.

Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ina bakin kabari ba. Abin da yayarka ta gaskata, ni ma na gaskata. Na yarda akwai hallaka ta har abada ga wanda ya ƙi Yesu, kuma tsoron da nake yi maka ya fi ciwon nan ramar da ni. Duk ka san haka. Amma kowace Lahadi kana tasowa daga Wuse, ka ɗauke ni zuwa coci, ka riƙe ni har ƙofa, ka koma mota ka jira awa uku. Ko sau ɗaya ba ka yi wa addu'ata dariya ba. Ni dai girmamawa na ɗauke shi, kuma ita nake roƙa wa yayarka.

Na uku. Christiana, na ji kin gaya wa zumuntar matan coci cewa ƙanenki ba zai ɗauki akwatin gawata ba. Zai ɗauka, kuma a gaba. Na riga na faɗa wa Fasto. Hukunci na Ubangiji ne, ba a damƙa miki shi ba. Wadda ta gaskata ɗan'uwanta yana cikin haɗari, kuka ya kamace ta, ba gori ba.

Kai kuma ka shiga coci ranar. Ban ce ka yi waƙa ko ka ce amin ba. Za a yi wa'azin wuta, na san Fasto. Ka zauna kusa da yayarka har a tashi.

Na huɗu. Littafina Mai Tsarki da zanen zumunta na Christiana ne. Ban ba Zacharias littafin ba don kada ya ce na ɗana masa tarko bayan raina. Shi ya ɗauki agogon babansa. Keken ɗinkina na Safara'u ne, maƙwabciyata Musulma. Tana tsoron makomata kamar yadda nake tsoron tata, shekara goma sha takwas, kuma ita ke dama mini kunu kullum.

Christiana, ki ci gaba da yi masa addu'a a ɗakinki, ba a kunnensa ba. Zacharias, kada ka hana ta. Ku riƙe juna, ba ku da kowa.

Na sa muku albarka, iri ɗaya, ban rage wa kowa ba. Ubangiji ya kiyaye ku, ku biyun.

Mahaifiyarku,
Rifkatu Datti