Abin da na binne a ƙarƙashin murhu

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Ni ce Hajara. Inna tana nan, sai dai ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara ja baya.

Na rubuto ne a kan baƙar na'urar nan taka da kake kira had diski, wadda kake zuba duk bidiyon bukukuwan da ka ɗauka a ciki. Yaya, ta ƙi buɗewa, kuma ni na jawo.

Ka tuna ranar da 'yan bindiga suka shigo, gari ya watse. Ka miƙa min ita kana cewa, "Ɓoye wannan, ba ta son ruwa." Ka koma ɗauko Baffa a unguwar Lamorde, mu kuma muka bi ta Gella a ƙafa. Kafin mu fita na tsaya ina tunanin inda ruwa ba ya zuwa a gidanmu, sai na ga murhu. Na naɗe ta a leda, na sa a gwangwanin madara, na tona tsakanin duwatsun na binne. Har ina yaba wa kaina wayo.

Da muka dawo, kai ba ka dawo ba. Maƙwabtanmu da aka ƙona wa gida sun riga mu isowa, suka fake a namu, wata da watanni suna girki a kan murhun. Wa zan ga laifinsa? Da na tono gwangwanin, ledar ta narke ta manne a jikinta.

Ba inda ban kai ta ba. Na sake kebul har uku. Na gwada kwamfutar wata malama a Yelwa, na gwada ta ɗan Goggo a wurin aikinsa. Ko'ina abu ɗaya: 'yar fitilar ta kama, a ji ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru. Kwamfutar ba ta ma san an sa mata wani abu ba. Wani ya ce sanyi na tashe su, na kai ta firizar mai ƙanƙara ta wuni. Na san da kana nan da ka yi min dariya har ka riƙe ciki.

Ba bukukuwan mutane nake nema ba. Kai kullum kana bayan kyamara, ba ka fitowa a hoton kowa. Sau ɗaya tak, ranar sunan 'yar Goggo, ka ba ni na riƙe. Na yanke maka kai, kafaɗa kawai ta fito, amma muryarka ta shiga sarai, kana tsokanar Inna a kan ɗaurin ɗankwalinta tana korar ka da mafici. Abin da ya rage mana ke nan na muryarka. Duk Juma'a sai Inna ta tambaye ni, "An gyara?"

Ina jin tsoro, Yaya. Ina tuna abin da ka faɗa, amma yadda kake faɗarsa ya fara ɓace min.

Makon jiya wani mai gyara a kasuwa ya cire na'urar daga gidanta ya haɗa ta da kwamfuta kai tsaye, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya ce saura hanya ɗaya, a buɗe cikinta. Wataƙila a samu, wataƙila kuma ƙura kaɗan ta shiga komai ya tafi har abada. Ya ce ba zai taɓa ba sai da izininmu.

Na kasa yanke hukunci, na kai wa Inna maganar. Ta karɓi na'urar ta daɗe tana shafa ta da yatsa, sannan ta ce, "Kada a buɗe. Muddin ba a buɗe ba, yana ciki." Ta sa na buɗe akwatinta, na ajiye ta a kan farin yadin da ta tanada domin ranar tafiyarta. Jiya Juma'a ce, ba ta tambaye ni komai ba.

Ka yafe min. Allah Ya jiƙanka da Baffa, Ya haskaka makwancinku ko da ba mu san inda yake ba, Ya haɗa mu a inda za mu ji ka da kunnenmu.

Ƙanwarka,
Hajara